Layin Bai-Sauko

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Malam Haruna, tsohon kansila a nan Tudun Wada, kuma har yau in na ji ana zancen 'yancin ƙananan hukumomi a rediyo, shi nake fara tunawa.

Kafinta ne, mai son barkwanci. 'Yan unguwa ne suka lallaɓa shi ya tsaya takara, saboda kwalbatin bakin layinmu da ke toshewa duk damina, ruwa ya afka gidajen mutane. A ƙofar masallaci ya yi alkawarin gyarawa, kowa ya ji. Da ya ci zaɓe ya shiga zarya zuwa sakatariya, kullum amsa ɗaya: kuɗi bai sauko ba daga sama. Shi kuwa da yake bai iya kwana-kwana ba, yadda aka faɗa masa haka yake dawowa ya faɗa wa jama'a.

Mama Ladi, 'yar Filato mai soya kifi a bakin layin, ita ta fara tsokanarsa. "Kansila, har yanzu bai sauko ba? To ka haɗa tsani mana, ba kafinta ba ne kai?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma sunan ya bi shi. Manya da yara, kowa Bai-Sauko. Ni na san abin yana ci masa rai. Wata rana yana goge katako ya ce min, "Gwamna a talabijin suke ganinsa. Ni kuwa sahu ɗaya muke sallah da su."

Yanzu ana ta cewa kuɗin zai riƙa zuwa ƙananan hukumomi kai tsaye. Da yana raye, na san sai ya tambaya, in ya sauko, hannun wa zai faɗa? Amma na tabbata washegari zai karkata hula ya koma sakatariya, don bai taɓa fid da rai ba. Wallahi ina kewarsa.

Kwalbatin yana nan yadda ya bar shi. Abin da ya fi damuna shi ne sunansa. Kwanan baya na tare mai Keke, na ce ya kai ni layin Malam Haruna Kafinta. Ya ce bai san wurin ba. Na yi ta kwatance, yana girgiza kai, fasinjoji sun fara tsaki. Dole, da bakina, na ce masa layin Bai-Sauko.

"Au, Baba, ai da ka faɗa tun ɗazu. Hau mu je."