Makahon da Yake Tuƙi

Tun da Thaddeus ya dawo Mississippi daga karatu, ya kasa tsayar da zuciyarsa a kan ko kamfanonin faifai na farko sun cancanci yabo. Ba don su ba dai, da waƙoƙin blues na baƙaƙen Amurka sun bi mawaƙansu kabari.

Yau a tsohuwar tashar jirgi ana buɗe allon tagulla don girmama ɗaya daga cikinsu. Wata tsohuwa tana tsaye a gefe da hularta ta zuwa coci, ta rungume faifai a ƙirji. Kowa yana tafi, ita tana taunar cingam. Jama'a na watsewa ta matsa, ta liƙa cingam ɗin a kan sunan mai kamfanin a jikin allon, tana dannawa da babban yatsa har ya cike haruffan.

A faifan an rubuta "Makaho Cleotis". Thaddeus yana zaton 'yarsa ce, wadda ta tashi tana yi masa jagora.

"Inna, da makantar aka haife shi?"

"Babana? Direba ne, ɗan nan. 'Yan kamfanin ne suka makantar da shi a rubuce don faifai ya sayu, suka share sunan gidanmu. To, a karanto nasu in ji."