Tukunyar Baba ta Inna

A shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki, ina amarya a wani ƙauye gabas da Gazawa. Maza na ta zancen sabuwar tuta a ƙofar mai gari. Mu a cikin gida, zancenmu kallabin Inna ne.

Inna uwar mai gidana ce. Damina uku ta yi tana tara gidan tsutsar nan da ke saƙa a jikin itacen tsamiya. Ta dafa shi da ruwan toka har ya yi laushi, ta wanke, ta tsefe, ta kaɗa da mazari, zare siriri mai sheƙi. Masaƙi ya saƙa, duk wahalar nan kallabi ɗaya ya fito. Launin ƙasa gare shi, ita kuwa shuɗi take so, wanda za ta ɗaura ranar Babbar Salla.

Ba ta kai shi marina ba. Ta ce maza ba su san darajar siliki ba, sai su damƙe shi kamar bante. Da kanta ta daka ganyen baba, ta jiƙa shi da ruwan toka a babbar tukunya bayan ɗakinta. Tukunyar baba rai gare ta. Kullum sai an motsa ta, ana jira ta yi kumfa, ta yi warin nan nata. Kuma akwai doka guda da Inna ta gada wurin uwarta: mai ciki ba ta leƙa tukunya, balle ta taɓa. Ta ce tukunyar ita ma ciki gare ta, in ta ga wani cikin sai ta mutu.

To, ni kuwa wata biyu ke nan ban ga al'ada ba. Cikin fari! A zamaninmu yarinya ba ta faɗin wannan, ko ga uwar da ta haife ta, balle uwar miji. Sai dai idanun mutane su gani da kansu.

Sai kafaɗar Inna ta riƙe, hannu ya ƙi ɗaguwa.

Ranar farko da ta kira ni, na ɗauki tulu na yi rijiya. Rana ta biyu na ce kaina ke sarawa. Ta lallaɓa ta motsa da hagu tana tsaki. Rana ta uku tukunya ta nuna, kumfa ya taso shuɗi da ja-ja, ba sauran jira. Da hantsi Gwaggo, ƙanwar surukina, ta shigo kallo, mace mai baki kamar reza.

Inna ta miƙo mini kallabin a jiƙe. Ta ce, “Ɗiyata, zo ki tsoma. Hannuna ya ƙi.”

Na tsaya daga bakin rumbu, hannuwana a baya.

“Da ke nake.”

Gwaggo ta ce, “Ku bar ta, Yaya. Amaryar zamani ce. An ba ƙasa ƴanci, ita ma ta karɓi nata.”

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Kin fi ƙarfin aikina ne? Ko lallen hannunki kike tsoro?”

 In na matsa, na kashe mata damina uku. In na ƙi, na zama mara kunya a gidan miji. Hawaye suka zubo. Na dubi ƙasa, na ce da murya kamar ta sauro, “Inna, tsoro nake in kashe miki tukunya.”

 

Sai Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, kaji suka watse. Inna kuwa, da hannun nan da ya ƙi ɗaguwa ta fizgi faifai ta rufe tukunya. “Yi nisa! Koma bayan rumbu, ƴar nema! Kwana uku kina wahal da ni!” Tana faɗa, haƙoranta duk a waje, tana share ido da gefen zane.

Ta juya ga Gwaggo. “Ke mai baki, zo ki yi aiki.”

“Ni? Kallo na zo!”

“Kin gama kallo.”

Daga bayan rumbu nake leƙe. Gwaggo ta tsoma kallabin tana mita, ta ɗago shi kore shar. Iska na taɓa shi ya fara juyawa, a hankali, a hankali, har ya zama shuɗi. Aka sake tsomawa, aka sake, sai da ya yi duhu yana walƙiya kamar wuyan zabo. Inna ta aiko mini da ƙwaryar fura, nono ya fi gari yawa. Kalma ɗaya ba ta ƙara yi mini a kan maganar ba.

Amma hannun Gwaggo ya rine har gwiwa, ya yi kwana bakwai bai fita ba. Duk wadda ta tambaye ta a rijiya me ya sa ita ta yi rini alhali akwai amarya a gida, sai ta ɗaga hannuwan sama ta ce, “Ni dai ban ce komai ba.” Kafin kasuwa ta zagayo, ba gidan da bai sani ba.