Daren da Na Tsaya wa Kada

Sana'ata manja da man gyaɗa. Sari nake yi, durom-durom, ina ba masu shaguna da mata masu awo. Wanda ya san ni a kasuwa ya san ba ni da dogon zance, shi ya sa da aka ji wai Hajiya Rabi tana rubuta littafin labari, wasu har da dariya. Ban ga laifinsu ba. Ba su san gidan da na tashi ba.

A Tudun Wada na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, a hannun kakata ta wajen uba, Inna Dije. Ƙuli-ƙuli take yi. Da rana a soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a dawo a matse mai. Da an idar da sallar magariba sai ta ɗora kasko a murhun gindin katanga, mu kuma mu kewaye farantin tunkuza muna mulmulawa. Mu uku ne ba ma fashi: ni, da yayana Sani, da Ladi 'yar maƙwabtanmu, mutanen wajen Zonkwa, babanta yana aiki a masaƙa. Ladi takan haɗiye tuwonta a tsaye ta fito da hannu a jiƙe, don kada a fara babu ita. Wutar murhun ita ce fitilarmu. Har yau idan mai ya yi zafi a kasko ya fara wannan ƙanshin, sai in ji kamar an ce in gyara zama.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Takan buga cokalin suya a bakin kasko ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Idan kuma za ta rufe, sai ta ce ta ɗaure bakin buhu. Amma kafin ta ɗaure akwai doka, kuma ban taɓa jin wani gida da ake yin ta ba. Duk tatsuniyar da aka yi, sai wani a cikinmu ya tashi ya tsaya wa mugun da ke ciki. Ya yi magana da bakinsa, ya faɗi abin da ya sa ya yi abin da ya yi. Idan maganar ta gamsar da ita, ta ɗaure buhu, ta raba mana ƙuli mai zafi na kaskon ƙarshe. Idan ba ta gamsu ba, tatsuniya tana nan a buɗe, ba ƙuli, ba sabuwar tatsuniya, har sai an kawo mata abin da ya shiga kunnenta.

Sani ne gwanin wannan, don shi ko a gida bai rasa hujja idan ya yi laifi. Ni kuwa kullum ɓuya nake yi a bayan Ladi. Ina aji uku a firamare ranar da cokalin ya nuno ni.

Tatsuniyar ranar ta wata mai fataucin gishiri ce. Kowace kasuwa takan ɗora gishirinta a kan jaki, su shiga babban kwalekwale su haye kogi, su sauka a wani rairayi mai laushi. To akwai wani kada a kogin. Kowa yana hayewa lafiya, amma ita da ta sa ƙafa a rairayin sai ya fito ya fizge mata buhu guda ya koma ruwa. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yanka masa kaza, bai daina ba. Rannan bai tsaya a gishiri ba, ya ja jakin gaba ɗaya. Matar ta koma gida ba jaki ba jari, ta kwanta ciwo. Sai 'yarta ta daka barkono mai yawa, ta cika buhu, ta yayyafa gishiri a sama, ta haye. Kada ya fito ya haɗiye buhun a loma ɗaya. Inna ta ce tun daga ranar, duk inda ka ga kada a bakin ruwa za ka same shi kwance da baki a hangame, iska yake sha, yajin bai sake shi ba.

Muka yi dariya, Ladi har da tafi da hannu mai tunkuza. Inna ta juya ƙulinta, ta ɗago cokali.

"Rabi, tashi. Ke ce kada yau."

Na miƙe. Na ce, "Yunwa nake ji."

"Yunwa? Kada na cin gishiri? A wace kasuwa kika ga yana saye?"

Na ce to mugunta ce kawai.

"Wannan ai bakin mai gishiri ne. Ita za ta faɗi haka. Na ce ki zama kada, kin tafi kin zauna a ɗakin mai jaki kina taya ta kuka." Ta kwashe kaskon ƙarshe ta juye a kwando ta rufe da faifai. "Ku wanke hannu. Buhu a buɗe zai kwana."

Sani ya ce, "Haba Inna, ni bari in yi mata."

"Mijin nawa, zauna. Kai ko Shaiɗan aka ba ka za ka samo masa uzuri. Nata nake so."

Washegari ba wanda ya yi mini magana mai daɗi. Sani yana kirana kada mai kan kwakwa. Ladi ba ta zage ni ba, amma a hanyar makaranta ta ce, "Ki yi tunani mana, abeg. Ko ƙarya ce ki yi." Na san ƙarya ba za ta wuce ba. Matar da ke gane gyaɗa mai ɗaci daga ƙarar buhu ba za a sayar mata da hujjar banza ba. Da yamma muka zauna muka mulmula tunkuza shiru, babu baƙuwa a ƙofa. Ban taɓa jin aikin ya yi nauyi kamar ranar ba.

Abin da ya fitar da ni kaza ce. Akwai wata baƙar kaza a gidan da ta tsane ni a kwanakin nan. Da na bi ta bayan madafa ɗauko itace sai ta taso da fukafukai a buɗe ta tsattsage mini ƙafa. Sani yana wucewa ta gabanta, ko kallonsa ba ta yi. Rannan na tsaya na duba da kyau, sai na ga ashe a ƙarƙashin tarin itacen take kwanci. Sani ba ya ɗibar itace. Ni kaɗai ce nake zuwa ina zare mata rufin ɗaki sanda-sanda.

Da magariba ban jira an kira ni ba. Na tashi na tsaya kusa da wuta na ce, "Ni kada ne. Matata ta binne ƙwanmu a cikin rairayin nan. Kowa yana sauka can gaba wajen duwatsu, mai gishirin nan kaɗai ke sauka a nan da jaki, yana taka mini 'ya'ya. Ba na jin Hausa, ita ba ta jin nawa. Na ɗauki gishiri don ta canza hanya, ba ta canza ba. Da cin ta nake so, ita zan fara ɗauka."

Inna ta daina juya kasko. "To ka wanke ke nan?"

Na ce, "A'a. Jakin bai san komai ba. Kuma matar ta kwanta ciwo."

"Yawwa. Ban ce ki wanke shi ba, cewa na yi ki tsaya masa." Ta tsamo ƙuli guda tana hurawa, ta miƙo mini da hannunta. "Na ɗaure buhu. Ladi, me ya same ki?"

Ladi ta ce ita dai yanzu barkonon nan ya yi mata yawa.

Inna ta rasu kafin in yi aure. Karatuna bai wuce sakandare ba. Da jarka ɗaya na fara manja a ƙofar ɗaki, yau motoci nake saukewa, kuma ban gaji ko murfin durom daga kowa ba. Rubutu ya zo mini ne bayan yara sun girma. A waya nake yi, bayan sallar asuba kafin in fita, sai kuma a shago idan ana jiran mota. Babban yatsana kullum da maiƙo, fuskar wayar ta yi ja. Wani lokaci ina tsakiyar jimla a ce Hajiya a zo a duba awo, in dawo na manta inda matar cikin labarin take tsaye. Idan babu wuta, gidan maƙwabci mai janareta nake aika wayar. Duk babin da na gama, Ladi nake tura wa. Malamar sakandare ce yanzu, tana zaune a Kamazou, kuma ba ta iya yabon ƙarya ba.

Labarin na wata 'yar kasuwa ne da direban da ke satar mata mai a hanya. Ban yi nisa wajen nemo shi ba. Akwai wani direba, Ɗanliti, da ya daɗe yana ɗauko mini kaya daga kudu, har na gano yana zuƙe kaɗan-kaɗan daga kowane durom da tiyo. Na sallame shi. A littafin na ba shi jajayen idanu, na ba shi wiwi, na sa yana dukan matarsa. Na ji daɗin rubuta shi ƙwarai.

Ladi ta karanta rabin littafin ta zo shago ranar Asabar. Ta ce, "Rabi, matar nan tana numfashi, na san ta. Amma direban nan kwali ne kika yanka kika shafa wa baƙi. Da ya shigo sai in fara hamma. Haushi kike rubutawa, ba mutum ba." Ta ce idan haka zai tafi har ƙarshe, gara in bar shi a waya, kada in kai wa mai buga littafi.

Maganar ta yi mini zafi, don na zuba shekara da wani abu a kan aikin. Amma ni 'yar kasuwa ce. Idan mai saye ya ce kayanka sun yi tsami, ba musu ake yi ba, ɗanɗanawa ake yi. Na sake karantawa, na ga gaskiyarta. Ashe ɗakin mai jaki na sake komawa na zauna, kamar yadda Inna ta faɗa.

Na san inda direbobi ke yada zango a Gonin Gora. Wata safiya na je na same shi a rumfar mai shayi. Da ya gan ni ya miƙe zai sulale. Na ce, "Zauna, Ɗanliti. Ba rigima na zo ba, kuma ba aiki na kawo maka ba. Tambaya ce." Na sa aka haɗa masa shayi da ƙwai. Ya daɗe yana juya cokali kafin ya yarda ba da ɗan sanda nake tafe ba.

Da bakinsa ya buɗe, sai na ga ashe ɓarawon yana da dokoki. Ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa taɓa jarkar ƙananan mata ba, masu haɗa kuɗi su yi sari. Na manya nake taɓawa, irinku." Ya ce wasu suna cike gurbin da ruwa ko su zuba kala, shi bai taɓa yi ba, don yara ne ke cin miyar. Da alfahari ya faɗi wannan, yana dukan ƙirji. Ya ce mai mota yakan auna masa man tafiya daidai wa daida, idan cunkoso ko lalacewa ta cinye, shi ya sani. A haka ya fara, a wani daji, da mota a mace, ya zuƙi manja ya sayar ya sayi man mota. Daga baya kuma ko man ya isa sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Na ce, "Ka san sata ce dai."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Amma da wani kika samu, da kin fi haka kuka."

Ban mayar da shi aiki ba, kuma ba zan mayar ba. Na dawo na goge jajayen idanun da wiwin da dukan mata. Na ba direbana dokokinsa, da alfaharinsa, da dajin da mota ta mace masa. Wata uku ina wannan gyara. Ƙarshen kuwa ban canza abin da ya sami direban ba: an kama shi, ya rasa mota, ya rasa suna a tasha. Da farko shafi biyu ne na rubuta ina murmushi. Wannan karon ranar da na gama sake rubuta shi ban iya cin abincin rana ba.

Da ina yarinya na ɗauka Inna tausayi take koya mana. Yanzu da na girma a kasuwa ina ganin abin ya fi haka tauri. Ba ta taɓa cire barkonon daga buhu ba. So take mu san wanda za mu hukunta, mu san shi har cikin gidansa, sannan mu hukunta shi idan ya cancanta. A ciniki wannan ya sha cetona, don wanda ka san abin da yake karewa ba ya yi maka ba-zata. A rubutu kuma na ga cewa mai karatu ba ya jin tsoron mugun da marubuci bai zauna ya sha shayi da shi ba.

Na tura wa Ladi littafin gaba ɗaya. Sati ya wuce ba ta kira ba, ni ma na ƙi kira. Ranar Asabar sai ga ta da galan biyu. Ta sayi manja, ta yi mini tsiya a kan farashi, ta ba ni labarin rufin cocinsu da iska ta yaye, ba ta ce komai a kan littafi ba. Har ta ɗora galan a kan babur, sai ta juyo.

"Ki kai a buga shi, Rabi."

Na ce, "Direban fa?"

Ta gyara ɗankwali ta hau babur. "Ya cancanci abin da ya same shi. Amma ni ba zan sake karanta babin ƙarshen nan ba."