Bajon Da Na Ɓoye A Aljihun Mota

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan al'amari ya faro, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, tsohon direban tasha daga Kano wanda ya zo Hajji ya ƙi komawa. Ina zaune a unguwar Mansur a nan Makka ba takarda, aikin da ya samu shi nake yi. In Hajji ya zo in yi dako a Mina, in ya wuce in koma wankin mota. A lokacin ina ganin duk garin nan ba mai wayona. Na san lungun da ake bi in 'yan jawazat, wato jami'an shige da fice, sun fito kame, na san wanda ake gaisarwa da Larabci da wanda ake wucewa kai a sunkuye. Mutane suna zuwa neman shawarata, ni kuma ina bayarwa ina hura hanci. Wannan wayon nawa ne ya sa yau nake rubuto muku.

Ɗaki ɗaya muke da wani tela mutumin Damagaram wanda ya girme ni da shekara biyu. Shekara bakwai muna tare, tukunya ɗaya, fanka ɗaya. Shi ba mai magana ba ne, sai dai in ya tashi tsokana ya ce Bakano ko a kabari sai ya yi ciniki, ni kuma in ce da ba don shayi ba da mutanen Damagaram sun ƙare tuntuni. Yana da mata da 'ya'ya mata uku a gida, don su yake wahala. Da ɗinki ya ja baya a unguwar, ni na ce ya kwantar da hankalinsa, zan samo mana aiki mai tsoka.

Na kuwa samo. Wani ƙaramin kamfani ne a bayan gari, aikinsu ɗaukar hoton walda. In an haɗa manyan bututun ƙarfe, sai a ɗauki hoton cikin haɗin kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, don a ga ko akwai tsaga. Suna neman masu ɗaukar kaya da jan waya, amma sai mai iƙama, katin izinin zama. Mu da ba mu da shi mun san yadda ake yi, aro ake yi wurin ɗan'uwa mai kati, tunda a idon mai ɗaukar aiki duk baƙar fata kama muke yi. Ni na ari na wani direba, aminina kuma na aro masa na wani mai shagon turare a Mansur, wanda kakanninsa suka zo ta Sudan. Da sunayen mutanen nan biyu aka rubuta mu a kundin kamfani, da su ake kiranmu muna amsawa.

Kayan aikin wani akwatin ƙarfe ne ƙarami mai nauyin tsiya. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai wake ba, ita ke fitar da tiririn nukiliya, abin da ba a gani, ba a jin warinsa, ba a jin zafinsa. Sai mu naɗa fim a jikin waldar, mu ja da baya nesa, mu juya wani hannu, waya ta tura ƙwayar ta bi cikin tiyo ta je bakin waldar, in lokaci ya cika mu juyo ta ta koma akwatinta. Da tsakar rana muke yi, lokacin da masu walda suka watse hutu, filin ya zama daga mu sai ƙarfe da rana. Ranar farko injiniyan da ke kula da mu ya ba kowa bajo na maƙalawa a ƙirji da wata 'yar na'ura mai tsuwwa in haɗari ya kusa. Ya ce bajon yana tara lissafin tiririn da ya shiga jikin mutum, duk ƙarshen wata za a karɓa a auna. Ya ce wanda nasa ya wuce ƙa'ida za a dakatar da shi a kai shi asibiti gwajin jini. Ni kuwa na san a asibiti sai an ɗora yatsa a na'ura, kuma yatsa ba ya karɓar aro. Ranar da aka ɗora namu, ranar za a gane mu, a kai mu gidan tarhil inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu.

Sai na yi dabara. Na ce da mun isa fili mu cire bajon da na'urar mu zuba a aljihun motar kamfanin da muke zuwa da ita, mu ajiye motar can nesa, in mun gama mu mayar. Aminina bai so ba. Ya ce shi abin da ido ba ya gani ya fi ba shi tsoro, kuma wannan abu don tsaronmu aka ba mu, ina amfanin yi masa ƙarya. Na yi masa dariya, na ce Allah ne ke tsarewa ba roba ba, na tambaye shi ko ya shirya komawa Damagaram hannu rabbana ya kalli 'ya'yansa. Ya cire ya miƙo mini. Ni da hannuna na rufe aljihun motar, haka kuma muka yi ta yi har shekara uku. Duk wata bajonmu yana dawowa fes, injiniya yana buga misali da mu a gaban sauran ma'aikata, ni kuma ina ƙyafta wa aminina ido.

Wata rana cikin tsananin zafi muka gama hoton ƙarshe, na juya hannun na ji ya ɗan cije, amma ina sauri in sha ruwa, na ce ƙwayar ta shige akwatinta. Ashe ba ta shige ba, ta maƙale a cikin tiyon. Da na'urar tana jikinmu da ta yi ta tsuwwa. Aminina ya je ya kwance tiyon da hannunsa, ya naɗe shi, ya rungumo shi a ƙirji ya taho da shi har inda muke tara kaya. Sai da injiniya ya iso da babban ma'auninsa abin ya hau kuka kafin muka san me ke faruwa. Ya daka mana tsawa mu ja da baya, ya kira waɗanda suka iya mayar da ita. A cikin wannan ruɗani na lallaɓa mota na ɗauko bajon na maƙala mana. Da ya tambaya ko wani ya taɓa tiyon, na rantse na ce ba wanda ya je kusa. Ya aika da bajon aka auna cikin gaggawa, sakamako ya dawo ba komai. Mutumin nan har ya yi hamdala, ya ce Allah ya kiyaye mu. Aminina yana tsaye yana kallona.

Da yammacin ranar ya yi ta amai, na ce rana ce ta buge shi. Bayan kamar kwana goma yatsun hannunsa na dama suka yi ja, suka kumbura, suka yi ƙuraje masu ruwa kamar wanda ya dafa garwashi. Ya ce mu je asibiti ko me zai faru ya faru, na hana shi. Na ce ya yi haƙuri, ga zuma, ga man habbatus sauda, ga zamzam. Wata da watanni ina wanke masa ciwon ina ɗaurewa, har ya rufe, amma yatsu biyu suka bushe suka sanƙare. Ya bar kamfanin, ɗinkin ma ya gagare shi don ba ya iya riƙe allura, sai ya koma tsaron shagon wani. Ni ma ban daɗe ba na bari. Abin da ya fi ci mini rai, ko sau ɗaya bai taɓa cewa ni na jawo masa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan wajen shekara uku ya fara rama. Zazzaɓi ba ya barinsa, dasashinsa yana jini, ko ɗan bango ya goga sai wurin ya yi baƙi. Ran nan bayan La'asar ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, aka kwashe shi sai asibiti. A nan na faɗi sunansa na gaskiya, don tsoron tarhil ya riga ya fita daga raina. Likitan wani dattijo ne Basudane. Ya ce sankarar jini ce, ya ɗaga hannun ya daɗe yana duban yatsun, ya tambaye ni aikin da yake yi. Na faɗa masa komai. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ba zai iya rantsuwa cewa tiririn ne kaɗai ya kawo ciwon ba, amma da an kawo shi a makon da abin ya faru da an riƙa bibiyar jininsa, da an tari ciwon da wuri. Ya ce a ƙasashen da ke da tashoshin nukiliya ana ajiye lissafin bajon kowane ma'aikaci tsawon rayuwarsa, masu bincike su bi sawun mutanen har mutuwarsu, su gwada abin da kowa ya kwasa da abin da ya yi ajalinsa. Da irin wannan lissafi aka san iyakar da ake sa wa ma'aikata, da shi kuma aka gane ko kaɗan-kaɗan ɗin da ke taruwa ba abin rainawa ba ne. Sai ya ce in je in karɓo masa takardar lissafin aminina.

Na je. Magatakardan kamfanin ya duba na'urarsa ya ce ba su taɓa ɗaukar mai wannan suna ba. Da na faɗi sunan mai turare, nan take ya bugo mini takarda, wata bayan wata har shekara uku, ba komai a ciki. Na tsaya a bakin titi da ita a hannu na rasa inda zan nufa. Aikin hannuna nake kallo. Da na kai wa likita, ya karanta ya ninke ya mayar mini, ya ce ni ma in riƙa zuwa ana duba jinina, tunda ba mai iya sanin abin da na kwasa.

Aminina ya yi wata huɗu ya cika. An yi masa salla a Harami, aka binne shi a kabarin da ba suna, kamar yadda ake yi a nan. Da na kira matarsa, tana kuka tana cewa ya yi dace da ya kwanta a Makka. Ta tambaye ni me ya same shi, na ce ajali ne. Har yau ban iya faɗa mata sauran ba.

Yanzu ni kaɗai ne a ɗakin. Keken ɗinkinsa yana nan a lulluɓe, na kasa sayarwa. In na dafa shayi sai in ga na zuba kofi biyu. Na daina ba kowa shawara, na daina zama majalisa, ina jin kaɗaici irin wanda ban taɓa sani ba ko a shekarata ta farko a ƙasar nan. Kullum da safe ina wuce shagon mai turare, ya ɗaga mini hannu, ga shi nan lafiyayye har da teɓa, bai taɓa ganin akwatin nan da idonsa ba. Amma in wata rana masu bincike suka zo suka buɗe kundin kamfanin, shi za su lissafa a matsayin wanda ya yi shekara uku da tiriri bai ko yi mura ba, su ce aikin lafiya lau. Wanda ya rungumi tiyon kuwa ba ya cikin lissafin kowa. Ƙaryata ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, tana nan a ajiye tana jiran ta yaudari na baya.

Abin da na koya shi ne tsoron kame ya sa na raina abin da ya fi kame muni. 'Yan'uwana masu aiki da katin aro, a Makka ko Jidda ko ina ne, ina roƙonku kada ku shiga aikin da ake auna lafiyar mutum da sunan wani. In an ba ka bajo ka bar shi a ƙirjinka, in abu ya faru ka faɗa a ranar, ko da za a ɗora yatsanka a gane ka. Shekaru na yi ina ɓoye aminina kada a mayar da shi gida. Da na bari an kama shi ran nan, wataƙila da yanzu yana Damagaram a bakin kekensa, 'ya'yansa suna kawo masa shayi. Ku sa shi a addu'a, ni kuma ku roƙa mini gafara.