Kula da Waya, In Ji Yaya Hamisu

Duk wanda ya taɓa yin sallama a gidan yayana Hamisu mai gyaran rediyo a Gwarzo ya san cewa da ya amsa, abin da zai biyo baya shi ne, "Kula da waya." Sai bayan nan a shiga ina wuni, ina gajiya, yaya iyali. Liman ma da ya zo duba shi lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, abin da aka tare shi da shi ke nan, har bawan Allah ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar mai tsallake kwata. Wayar kuwa ba wata ta a zo a gani ba ce. Siririya ce, ja da baƙa, ta taso daga batirin mota da ke bayan ƙofa ta shiga wani ɗan gem, na'urar wasan yara mai kaset da ake jonawa da talabijin. Shekara uku da wani abu na yi ina yi wa wayar nan wahala, kuma har yau in na tuna sai bayana ya amsa.

Ɗansa Bashir ne ya zo da gem ɗin daga Kano da wata ƙaramar sallah don yaransa su rage ƙiriniya. Yaran suka koma suka bar shi. A ciki akwai wani wasa da bulo ke faɗowa daga sama, kai kuma kana juya shi kana jerawa, in layi ya cika ya ɓace a ba ka maki. Matar Yaya, wato Yaya Binta, ita ce abin ya shiga ranta. Ku da kuka san ta kun san ba a yin jeren amarya a unguwarmu ba da ita ba. In ta kalli bango sau ɗaya ta san inda kowane kwano zai zauna, to haka ta mayar da bulon nan. Wata Laraba bayan la'asar ta tara maki dubu casa'in da ɗaya da ɗari huɗu, lambar ta hau can saman talabijin ta zauna. Ta ajiye abin dannawa ta ce, "Malam, ga shi nan. In ka wuce shi ka kira ni." Ta tashi ta ɗora tuwo.

Matsalar gem ɗin ita ce ba ya riƙe komai. Da an kashe shi, lambar da ke sama ta koma sifili. Dama tun farko a kan batir Yaya ya ɗora shi, don wutar gari ta taɓa ƙona masa kaya bai yafe ba. Sai ya rantse ba zai kashe ba sai ya wuce ta. Yana cikin sati na biyar yana fama, zazzaɓi ya kama Yaya Binta, kwana uku Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku na shiga ɗakin na ga 'yar jar fitilar gem ɗin tana ci. Na miƙa hannu zan kashe, ya buge min hannu.

"Me za ka yi, Ɗanlami?"

"Yaya, zaman makoki ake yi."

"To ka ji ya yi magana ne? Mace ta bar min lamba a ka, in kashe a ce gudu na yi?"

Daga ranar na shiga uku. Batir biyu ya tanada, ɗaya na aiki ɗaya na caji, ana canji duk kwana huɗu. Canjin kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne, don sai an maƙala sabon kafin a cire tsohon, kada wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Ni ne mai riƙewa. "Ja da ja, baƙi da baƙi. Ka daina rawar hannu kamar ɗalibinka da aka kama da satar amsa." Ni da nake malamin firamare mai 'ya'ya biyar, haka nake durƙusawa ana yi min faɗa.

Sai kuma taransifomar unguwarmu ta ƙone a daidai lokacin da man fetur ya yi ɓatan dabo. Wata biyu ba wuta. Yaya ya gano akwai mai caji da janareta a Kabo, kusa da makarantar da nake koyarwa, shi ke nan aka mayar da babur ɗina motar batir. Ko bayan wuta ta dawo, bai yarda a kai cajin ko'ina ba sai can. In sayi mai a galan a bakin titi da tsadar da ba ta faɗuwa, in ɗaure batir a baya da roba, in bi ramuka ina lallaɓawa kamar na ɗauko mara lafiya. Ruwan batir ya cinye min wando uku, har hedimasta ya tambaye ni ko da awaki nake kwana. Na kwaso wandunan na zube wa Yaya a gaba.

"Ka gani? Uku."

Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ta cikin hujin ya ce, "Ashe zuba yake yi. Ka riƙa tafiya a hankali, ruwan nan tsada gare shi."

Wata rana mai ya ƙare min a hanya, na turo babur da batir tun daga wajen gari, rana tana dukan ƙeyata. Na iso sharkaf da gumi ina jiran ko sannu. Abin da na samu shi ne, "Ja da ja." Da muka gama na ce ya jona mana 'yar fankar nan ko ta minti biyar, ga batir cike. Ya ce, "Wannan wutar ta mai ɗakin nan ce. Ga mafici can." Shi kansa a bazara da mafici yake zama, kuma talabijin ɗin ma awa ɗaya tak yake kunna ta bayan la'asar.

Lokacin da aka kawo Shari'a aka rufe gidajen kallo, wani ya kai ƙara wajen 'yan kwamitin unguwa cewa maza na taruwa gidan Hamisu gaban talabijin, caca ake yi. Suka zo su uku, Malam Ado ne babba. Ɗaya daga ciki mai zafin kai ya ce a tafi da na'urar a bincika, ya nufi waya. Yaya da ko masallaci sai da sanda yake zuwa, ban san lokacin da ya tsallake tabarma ya zauna daram a kan batir ba.

"In za ku tafi da shi, ku ɗauke mu gaba ɗaya, da ni da batir, kuma kada waya ta motsa."

Malam Ado ya gyara tabarau ya dubi talabijin. "Malam Hamisu, wannan mene ne?"

"Gini ne, Allah gafarta Malam."

"Ana sa kuɗi?"

"Wa zai sa kuɗi a kan abin da mace ta riga ta cinye?"

Malam Ado ya ce sai ya gwada da hannunsa kafin ya yi magana. Ya samu maki ɗari uku. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce shi bai ga haram a ciki ba, amma ɓata lokaci ne. Ranar Asabar ya dawo shi kaɗai.

Duk tsawon lokacin nan na ɗauka taurin kai ne kawai, irin nasa da muka saba da shi tun muna yara. A shekara ta uku ne na gane. Na kawo batir na same shi yana wasa, hannunsa ya faɗa sosai a ranar. Dubu tamanin, dubu casa'in, dubu casa'in da ɗaya. Ga dogon bulon da yake jira yana saukowa, da ya sa shi a ramin ya wuce ta, ni kuma na huta. Na miƙe tsaye. Sai kawai ya ajiye abin dannawa a kan tabarma ya kama sosa ƙafa, bulo ya taru ya cika allo.

"Yaya, me ka yi haka?"

"Sauro ne ya cije ni."

"Sauro da la'asar?"

"Na unguwar nan ba su da lokaci."

Bai kalle ni ba, lambar yake kallo, idonsa ya kawo ruwa. Na ji kunya ta kama ni, na kuma ji tausayinsa irin wanda ban taɓa ji ba. Ashe ba wuce ta yake so ya yi ba. Abin da ta bari da hannunta ke nan wanda bai tsufa ba, bai yage ba, ba a raba shi a gado ba. Na durƙusa na riƙe ja da ja, kuma daga ranar ban sake kai masa ƙarar wando ba.

Da damina ciwon ya kayar da shi. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce, "Yau kwana nawa da canji?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To da saura."

Bayan mun dawo daga maƙabarta Bashir ya tambaye ni yadda za a yi da gem ɗin. Gaskiya na gaji, gajiyar da ba zan iya sake ɗaura batir a babur ba. Amma hannuna ya ƙi cire wayar. Sai na ce a bar shi. Kullum da safe kafin in wuce Kabo nakan leƙa in ga 'yar jar fitilar. Rana ta biyar ta dushe, rana ta shida na tarar ta mutu. Na daɗe a tsaye a ɗakin. Da zan fita, sai na ga na ɗaga ƙafa na tsallake wayar.

Allah ya jiƙan Yaya Hamisu da Yaya Binta, ya yafe musu, ya haɗa su a inda ba a rabuwa. Ya haskaka kabarinsu da hasken da ba a ɗaukewa, wanda ba sai wani ya kai shi caji Kabo ba. Amin.