Sallau Mai Yashi

Duk ranar da Ƙungiyar Madubi ke da wasan kwaikwayo a wani gari, kafin 'yan wasa su gama murza ido Malam Sallau ya riga ya kama hanya a kan tsohon mashin ɗinsa, wanda in ya tashi a Talata Mafara sai kajin Bakura su watse. A bayansa igiya ce da guduma da labule mai faci, a aljihu kuma goro. Goron na mai gari ne. Yakan ce wanda ya kafa labule bai gai da mai gari ba, da hannunsa zai naɗe shi tun ba a fara ba.

In ya gama gaisuwa, kun dai san gaisuwarmu ba ta gaggawa ba ce, sai ya tafi fili ya tsaya kamar wanda ya yar da allura. Yana duba inda rana za ta karkata bayan la'asar, don ta haska fuskar 'yan wasa ba idon 'yan kallo ba. Yana duba ƙasa, in ya ga ɗanyen kashin shanu to burtali ne, a sake wuri. Ba a banza ya koyi wannan ba. A wani ƙauyen Bakura garke ya taɓa ratsa tsakiyar wasa ana cikin makoki, gawa ta miƙe ta riga masu kuka gudu.

Mai Fage suke ce masa. Shi ke sanin wa zai shiga, wa zai fito, ina aka aje gemun ƙarya, wa ya zauna a kan rawanin alƙali. Janareta can nesa, don kada ya cinye muryar mutane. Ba a ba ɗan wasa tuwo sai an tashi, domin mai ƙoshi ba ya iya kukan yunwa. A fara bayan la'asar, a naɗe kafin magariba, saboda ba a gasa da ladan, kuma hanyoyinmu a shekarun nan ba na tafiyar duhu ba ne. Mota kuwa kullum hancinta na kallon hanyar fita. Ezekiya, direban ƙungiyar, ya ce da farko ya ɗauka tsabar fitina ce irin ta Sallau. Yanzu ko coci ya je, haka yake aje mota.

Shekaru masu yawa ana wannan yawo daga Mafara zuwa Bakura zuwa Maradun, ana wayar da kan manoma da mata masu ciki, amma ka tambayi 'yan kallo wane ne Sallau, ba mai sani. Bai taɓa taka fage ba. Shi dai cewa yake ƙa'idar aiki ce, Mai Fage in an gan shi to abu ya ɓaci. Gaskiya ne. Amma tun da yau ya aje aiki saboda gwiwa, bari in tona: tsoro ne. Wallahi tsoro ne! Mutumin da ke daka wa jarumi tsawa a bayan labule, in idon jama'a ya sauka a kansa sai harshensa ya zama kamar ɗanyar fata. A ɗaurin auren ƙanensa aka ce ya yi godiya, ya miƙe, ya ce "Jama'a," ya zauna.

Akwai wata tambaya da yake yi duk jajibirin tafiya: "Akwai mai surukai ko mai neman aure garin da za mu?" In akwai, ba za a ba shi rawar mugu ba ranar. Dariya ake yi masa. Shi kuwa ya san mutanenmu: sun san wasa wasa ne, amma ba su manta fuska.

To, ana gobe za a je garin Kaya ya yi tambayar, kowa ya yi shiru. Cikin masu shirun har da Maikuɗi, saurayi mai cajin waya a tashar Mafara, wanda sunan kawai ya samu. Shi ke fitowa a mugun ɗan kasuwa mai zuba yashi a tsakiyar buhun takin zamani, ya rufe da taki mai kyau a sama, ya ɗinke. Manufar wasan ita ce manomi ya riƙa soka hannu har tsakiyar buhu kafin ya saya. Abin da Sallau bai sani ba, Maikuɗi ya daɗe yana zarya Kaya wajen wata Hasana, magana har ta kusa kai ga manya.

Ranar Maikuɗi ya yi wasa kamar an ce daga shi ba ƙari. Yana zuba yashi yana waƙa, yana kashe ido, yana satar kallon ɓangaren mata. Ya ɗaga basilla, babbar allurar ɗinkin buhu, ya wulwula ta sau biyu, bakin buhu ya rufe tsaf kamar daga kamfani ya fito. Fili ya ɗauki sowa.

Ana cikin tafi wani dattijo ya miƙe. Malam Mas'ud ne, mahaifin Hasana, wanda bara aka cuta da irin wannan buhun har masararsa ta tashi rawaya.

"Ku dakata!" in ji shi. "Na san wasa na, ni ba yaro na ba. Amma ɗumkin ga da yaron ga yay yi, shi na ga buhun da anka cuce ni da shi. Hannun da bai saba ba, ba ya yin haka. Kai Maikuɗi, in don ɗiyata kaka zuwa garin ga, daga yau ka huta da sayen mai."

Ezekiya bai jira umarni ba, ya je ya tada mota.

A bayan labule Maikuɗi ya zube gaban Sallau, gemun ƙarya na reto a kunne ɗaya, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ban tambaye ku ba kahin mu taso?" in ji Sallau.

"Ka tambaya, Baba."

"To mi ya hana ka magana?"

"So nike ta gan ni ina wasa."

"To, ta gan ka."

Sallau ya san gaskiyar buhun, don shi ya haɗa shi. Wani buhun cuta ya samo wurin manomi, ya warware, ya ɗinke, ya sake warwarewa, har hannunsa ya kama, domin shi ba ya yarda da kayan wasa na jeka-na-yi-ka. Sannan ya zura zaren a sake tun daga gida, Maikuɗi ja kawai yake yi. Amma wa zai faɗa wa Kaya wannan? Maikuɗi in ya faɗa, an ce ɓarawo na kare kansa. In aka shiga mota aka tafi, magana ta zauna ke nan, aure ya mutu tun ba a ɗaura ba. Abin da aka ɓata a gaban jama'a a gaban jama'a ake gyara shi, ga rana tana ja, mutane sun fara kakkaɓe tabarmi.

Sallau ya ɗauki wani buhu da zare da basilla. Ya yi bisimilla.

Ya fito. Idanu suka yi masa caa. Ya buɗe baki, iska ta fito. Ya sake buɗewa. Da ƙyar ya miƙa wa Maikuɗi kayan, ya ce kalma ɗaya: "Ɗumka."

Kai, ranar an ga abin kunya mai amfani! Maikuɗi ya yi ta fama zare ya ƙi shiga kafar basillar da ɗan akuya zai iya leƙawa. Da ya shiga, ya soke babban yatsa ya yi ihu. Da ya samu ya yi ɗinki uku ya miƙe, buhu ya miƙe tare da shi, ashe da rigarsa ya haɗa. Mata suka fashe da dariya, Hasana ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Nan ya kamata Sallau ya yi bayani. Bakin ya ƙi. Sai ya karɓi buhun ya durƙusa, don ya nuna da hannu abin da harshe ya kasa. Abin mamaki, yana kama basilla tsoro ya gushe. Kafin ka ce kwabo ya ɗinke bakin buhu, layi ɗaya santal.

Malam Mas'ud ya matso ya shafa ɗinkin. Ya dubi Maikuɗi. "Kai yaro, ashe wawa na kai, ba ɓarawo ba. Wawa ana zama da shi. Turo magabatanka." Sannan ya juyo ya nuna Sallau da sanda. "Jama'a, ga uban tahiyar nan!"

Wata tsohuwa ce ta fara jefo takalmi. Sallau bai tsaya ganin na biyu ba. Ranar ce dokarsa ta hancin mota ta yi wa mai ita rana. Mashin ɗinsa ma a Kaya ya kwana, Maikuɗi ne ya kawo shi washegari yana washe baki.

Daga baya an yi wa mai gari bayani, shi ma Malam Mas'ud ya fahimta, har ya aiko da goron ban-haƙuri. Amma suna ya riga ya bi gari: Sallau Mai Yashi. Har gobe in ya ratsa kasuwar Kaya sai ka ga ana janye buhuna, rabi wasa rabi gaske. Ezekiya ya ce masa su koma a tara mutane a wanke shi. Ya ce a'a. "Haushin takin ga sai ya samu inda zai zauna. Ya zauna kaina, ni ba aure nika nema can ba. Kuma tun da suna tuna ni, suna soka hannu cikin buhu." Ni dai ina zargin har da tsoron sake tsayawa gaban jama'a, amma ba zan matsa ba.

Malam Sallau, kai ne wanda ke isa gari kafin kowa, ka bar shi bayan kowa, ban da rana ɗaya. Kai ne ka ɗinke wandon jarumi yana sanye da shi. Kai ne ka sha zagin 'yan wasa a kan tuwo, ka sha ƙurar hanya, tafi kuma ya tafi wurin wasu, ba ka taɓa cewa uffan ba. Sau ɗaya ka taka fage a rayuwarka, kalma ɗaya ka faɗa, ka fito da sunan ɓarawo don yaron da ya ƙi jin maganarka ya samu mata. Na faɗi wannan ina dariya, amma wallahi idona ya cika.

Ku masu tasowa a wannan aiki, ku riƙe abin da ya bari. Ku gai da mai gari. Ku duba rana, ku duba ƙasa. Ku tambayi 'yan wasanku inda suke zance, in sun yi shiru ku sake tambaya. In kuma abu ya ɓace wa na ƙasa da ku, kada ku tsaya bayan labule kuna cewa ai na faɗa.

Mun gode, Mai Fage. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta da hannunka.

Watan jiya Hasana, wadda yanzu matar Maikuɗi ce, ta haihu, namiji. Aka tashi sa wa yaro sunan Sallau, sai aka tarar duk ƙungiyar ba wanda ya san sunansa na yanka, Sallau na ranar Sallar da aka haife shi ne. Sai da aka aika wurin yayarsa. Ranar suna, a ƙofar gidan Malam Mas'ud, liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya duk Kaya ta ji: Abdulhamid! Aka juya ana neman mai sunan ya ce wani abu. Yana can bayan rumfa, yana ɗaure igiyar da ta kwance, yana share ido da hannun riga.