Preben Lund da Ƙurar da Na Watsa a Gidana

A taƙaice: a watan Maris, a garin Horsens, an mayar da falona ɗakin kwana domin matata Bodil, wadda ciwon huhu ya hana hawa bene. An yi kuskure guda ɗaya. Mai wannan rubutu ne ya yi shi.

Preben Lund ya shekara arba'in da ɗaya yana liƙe gaɓoɓin allunan filasta na bangon ɗaki, yana goge su. Ƙarfe bakwai yake isowa, ya tuɓe takalmi, ya rufe kowace ƙofa da leda, sannan ya sha kofi a tsaye. Maƙwabtana sun shaida cewa bai taɓa barin sawun ƙafa a gidan kowa ba.

Likita ya ce za a sallami Bodil daga asibiti ranar Juma'a, da sharaɗin kada ta shaƙi ƙura. Na sanar da Preben a rubuce.

"Na ji, Akawu," ya ce. "Kai dai kada ka taɓa komai."

Ranar Talata, bayan ya tashi, na leƙa na ga farin gari a ƙasa. Ban taɓa barin tebur a hargitse ba tsawon aikina na akawu. Na ɗaga ledar, na kunna injinmu na zuƙe ƙura. Ashe garin filasta ya fi ƙarfin matatarsa: ya zuƙa ta gaba, ya fesar ta baya. Ƙurar ta bi gidan duka, har kan matashinta. Na tsaya ina tuna yadda leɓenta ya yi shuɗi ranar da motar asibiti ta ɗauke ta.

Da safe Preben ya shafa kan ƙofa, ya dubi yatsansa.

"Ba ka kori ƙurar ba, Akawu. Canjin wurin aiki ka ba ta."

"Za ta kashe Bodil?" na ce.

"Kawo bokiti."

Preben, kai ne ka ajiye samfefa, ka ƙarasa bangon da jiƙaƙƙen soso, aikin da ya ninka wahala. Kai ne ka durƙusa kwana biyu kana wanke gidan da ba kai ka ɓata ba, har bayan hotuna, kana tarin nan da sana'ar ta bar maka.

Ranar Juma'a Bodil ta shigo, ta zauna a bakin gado. Muka kasa kunne muna sauraron ƙirjinta. Ta ja numfashi, ya tafi har ƙasa.

"Me ya same ku kamar masu jiran gawa?" ta ce.

Na gode, Preben. A wannan watan yake ritaya. Matasan sana'ar su je su koya kafin ya rufe akwatin kayan aikinsa.

Abin da lamarin ya ci: labule huɗu, kafet ɗaya, matashi biyu, injin guda, da gwiwar Preben ta hagu, wadda har yau ba ta saki ba. Kwanakin da Bodil ta koma asibiti: babu.